Ramin da Ottavio Ya Toshe

Gidan Ottavio a jikin ganuwar gari yake. A ƙarƙashin madafarsa akwai bakin tsohuwar hanyar ƙarƙashin ƙasa da kakanni suka haƙa zamanin yaƙi. Duk gidan da ke da irin wannan baki, a buɗe ake barinsa. Shi kuwa gogan naka ya ce iskar ramin tana ɓata masa cuku, ya samo bulo ya toshe.

"Aljanin da ke son wucewa ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar kowa," in ji shi.

Da magariba matarsa Gelsomina tana zuba miya, sai dutse ya faɗo cikin tukunya, alhali ko taga ba a buɗe ba. Sannan suka ji taku a rumfar da ke bin ganuwa, ana kai da komowa, babu mai tafiyar.

'Yarsu Nerina ta ajiye cokali, ta sauka bakin ramin, ta kama tonon bulo da farce har jini. Uban ya riƙe ta, ta yar da shi kamar tsumma. Kwana da kwanaki ba ci ba sha, sai ramewa take.

Aka ɗauko tsoho Fada Fulgenzio, limamin coci. Ya yayyafa mata ruwan addu'a, ya ce wa abin da ke jikinta, "Wane ne kai?"

Muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. "Tambayi mai cuku. Tun kafin a ɗora ganuwar nan nake bin hanyata. Na fito ɗiban ruwa, ya toshe, 'yata tana ciki. Ya raba ni da tawa, na raba shi da tasa."

"Iya, wallahi wasa nake!" in ji Ottavio.

"Yi ta dariya mana, ɗan nan," in ji muryar.

Fada ya ce, "In ya buɗe za ki fita?"

"Da hannunsa. Ranar da ya sake ɗora bulo ɗaya, da ita zan tafi."

Ottavio ya fasa bangon yana kuka. Iska mai sanyi ta wuce ta jikinsa. Nerina ta faɗi, ta farka tana neman ruwa.

Ta warke. Amma kullum da magariba sai ta sauka bakin ramin ta tsaya tana murmushi, wai ƙawarta ce ke kiranta. Kowace rana takan ƙara matsawa ciki kaɗan. Ottavio yana zaune a kan matakala, ga bulo jibge kusa da ƙafarsa, ba shi da ikon ɗaga ko ɗaya.