Ƙashin Hamida

Inna Asma na tsakar gidanta a Gummi tana tankaɗen garin dawa, rediyo bisa turmi, sai ta ji muryar da ta sani.

"Shamsiyya, taho ki jiya! Ga matar yayanki nan cikin rediyo!"

Shamsiyya ta fito da ƙaramin cikinta. Ganin gida ta zo daga Duza, inda take aure a gidan da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida.

Mai maganar Hamida ce, ɗiyar Bagega, wadda aka sa wa rana da Abdulwahabu, ɗan Inna. Malama ce a jami'a, sashen ilimin magunguna, tana binciken yadda ƙashin yara ke girma.

"Gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinariya, cikin ƙashi take kwanciya, ta yi shekaru," in ji Hamida. "In mace ta ɗauki ciki ko tana shayarwa, sai ta fito ta bi jini zuwa ga ɗa. Ni ma an gwada ni, akwai ta a jikina. Ba abin kunya ba ne. Mata su zo gwaji, akwai taimako."

Rariya ta suɓuce daga hannun Inna.

"Kin jiya? Da bakinta ta hwaɗi! Ƙashin tsiya gare ta!"

"Inna, ƙashin jiki take nufi..."

"Ƙashi nawa mutum ke da shi? Rufe min baki!"

Da Abdulwahabu ya dawo daga Bukkuyum, inda yake koyarwa, ko kashe mashin bai yi ba ta tare shi.

"Ko dai wagga ɗiya ta koma rediyo ta ce ƙarya ta yi, ta aje aikin ga, ko kuwa in ka kawo min ita, ban yahe nonon da ka sha ba!"

Washegari ya tafi Anka, inda iyayen Hamida suka koma da zama. Ta fito zaure da fara'arta, ta ga idonsa ja.

"Daktata, filis, kalma ɗaya ce," ya ce bayan ya gaya mata komai. "Ki ce kuskure aka yi a lab, wurin gwajin."

"Tun ranar da na yi maganar mata ke zuwa gwaji. In na ce ƙarya ce, wa zai sake zuwa?"

"To ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Kai kaɗai na taɓa so, Allah shaida." Hawaye suka zubo mata. "Amma shekarar da gubar ta shigo Bagega, ni na goya ƙanena Hafizu har ya daina motsi a bayana. Don shi na shiga karatun nan. Ba zan ƙaryata shi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Sori, Hamida. Uwa ce."

"Na sani. Je ka."

Haka aka mayar da kayan sa rana. Magana ta bazu, 'yan mata na zunɗen Hamida a gidan biki: ga mai ƙashin dalma nan! Ba wanda ya ƙara sallama ƙofar gidansu. Ta yi kukanta, ta share ido, ta koma aiki, ta gama babban digiri. Shi ma Abdulwahabu duk yarinyar da Inna ta nuna masa sai ya ce a dakata.

Shamsiyya kuwa ta so zuwa gwajin, Inna ta hana.

"Ki kai kanki a ce ke ma ƙashin tsiya gare ki? Ba a zuriyata ba!"

Shamsiyya ta haifi namiji, aka sa masa Khalifa. Ya shekara uku kamar ɗan yaye, ƙafa ba ƙwari, baki ba magana. An kai shi wurin maɗori, an sha rubutu, shiru. Ga wani cikin ya sake shiga.

Ranar da Hamida ta zo Anka da abokan aikinta suna gwada mata da yara, Abdulwahabu ya ɗauko Shamsiyya da Khalifa a mota bai nemi shawarar kowa ba. Inna ta biyo su, ita ta goya yaron, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Hamida ta durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Inna?"

Inna ta ƙara jan mayafinta.

Da sakamako ya fito, Hamida ta kama hannun Shamsiyya. "Akwai ta a jininki, da na yaron ma. Amma cikin nan za mu kula da shi, in Allah ya so. Ki bar gidan niƙan nan, ki riƙa shan abin da likita zai ba ki."

"Khalihwa hwa?" in ji Inna.

"Za a rage gubar, zai ji sauƙi. Abin da ta riga ta ci ba ya dawowa duka, Inna."

"Da mun zo tun hwarko hwa?"

Hamida ta kau da kai. Inna ta gane amsar. Nan ta zube ƙasa da yaron a bayanta, tana kuka kamar ba babba ba.

Inna da kanta ta tura a sake neman auren Hamida. Aka ɗaura bayan Sallah. Shamsiyya ta haifi ɗiya lafiyayya, ta sa mata Hamida. Ranar suna yara na guje-guje a tsakar gida, Khalifa na zaune bisa tabarma yana bin su da ido.

To, 'yan nan, haƙuri ya yi wa Hamida rana, ban musa ba: ta sami mijinta, ba ta sayar da gaskiyarta ba. Amma kada ku yi saurin guɗa. Taurin kan babba, a jikin yaro ake sauke shi. Ƙashin tsiya ba a jikin mace yake ba, yana ga kunnen da aka gaya wa gaskiya ya ƙi ji.