Gurbin da Malama Ta Hana Auta

Umma tana tsakar gida tana shanya Dogo ya shigo daga kantinsa na kayan gini. Ko sallamarsa ba ta gama amsawa ba ta juyo.

"Ka ji abin da matar da za ka aura ta yi mana?"

Matar da ake nufi ita ce Malama, mai ba ɗalibai shawara a sakandaren da Auta, ƙanin Dogo, yake ajin ƙarshe. Bana wata ƙungiya ta ba makarantar gurbi ɗaya na sikolashif ɗin likitanci, kuma Malama ce mai miƙa suna. Umma kuwa tun Auta yana rarrafe take kiransa Dokta, babu maƙwabciyar da ba ta sha labarin ba. Sai ga shi Malama ta miƙa sunan 'yar wani mai wanki.

"Tun ba ta shigo ba ta nuna mana mu bare ne! To na dakatar da auren nan — sai ta gyara!"

Dogo ya je ya sami Malama a ɗan ofishinta, fanka na juyawa a kansu.

"Haba Malama, ki ɗan duba mana. Auta ma ai yana ƙoƙari."

Idonta ya ciko. "Yana ƙoƙari, amma yarinyar ta fi shi maki, kuma ba ta da yaya mai kanti. Wallahi ina sonka, Dogo. Amma in na danne haƙƙin 'yar mutane don in shiga gidanku, gobe da me za ka yarda da ni?"

Kunya ta rufe shi. "Kin fi ni gaskiya. Zan jira ki, kome daɗewa."

Malama ta sha kuka, ba kaɗan ba. Ta je gaida Umma, Umma ta shige ɗaki ta bar ta da kujera. Duk da haka Malama ba ta yi fushi da Auta ba, ta sa aka kira mata shi ofis.

"Auta, tsakaninka da Allah, kana son likitanci?"

Ya sosa ƙeya. "Anti, ni da ko allura aka fito da ita jiri nake gani? Umma kawai nake tsoro."

"To wa ya tayar da fankar nan, bayan an ce ta mutu?"

"Ai wannan simpul ne, waya ce ta ƙone."

Nan ta baje masa hanya: akwai kwalejin fasaha mai kwas ɗin lantarki da sola, tana yafe rabin kuɗin makaranta ga wanda ya ci jarrabawar shiga, sauran kuma ya haɗa da aikin ƙarshen mako a kamfanin da ke ɗaukar ɗalibanta. Kullum aka tashi sai ta tsare shi da lissafi da gwajin intabiyu, har ya fara ɓuya in ya hango ta. Dogo ne ke kamo shi.

Auta ya ci jarrabawar. Hutunsa na farko ya hau rufin gidansu da allunan sola, firijin Umma da ya zama ma'ajiyar tukwane ya yi gurnani ya tashi. Ranar duk layin sai da suka sha ruwan sanyi, Dokta kuma ya koma Injiniya ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Washegari Umma ta yafa mayafi ta tafi makarantar da ƙafarta. Malama ta miƙe za ta durƙusa, Umma ta riƙo hannunta.

"Zauna, 'yar nan. Ni na haife shi, amma ke kika gan shi. Ki yafe mini."

Ranar biki ba a jin muryar kowa sai ta Umma, tana nuna amarya ga ƙawayenta. "Kun ganta nan? Ni da kaina na yi ƙoƙarin lanƙwasa ta, na kasa! Irinta nake so ta raini jikokina!"

Dogo ya kalli matarsa, ƙirjinsa ya cika da alfahari. 'Yan'uwa, wanda ya riƙe amana ya kuma yi haƙuri, waɗanda suka fi kowa fushi da shi su ne za su fi kowa tinƙaho da shi.