Waƙafi Mai Ruwa a Gaban Magana

"Wallahi ba mai taɓa min ita! Ko yau, ko gobe!"

Auta ce ke wannan ihun. Ta tare ƙofar ɗan ɗakin ajiya da ke bayan shagon babanta, hannu ɗaya a ƙugu. Abin da take karewa kuwa wata tsohuwar kwamfuta ce baƙa a ƙarƙashin tebur, fankarta sai gurnani. Saba ake ce mata. Ni dai ban saba da ita ba, amma Auta ta ce a cikinta shafin intanet na shagon yake zaune, duk wanda ya ga gadajen babanta da kujerunsa a waya, daga ƙarƙashin teburin nan yake gani. Ita ta haɗa abinta, wata huɗu tana fama.

"Haba Auta, taurin kai ba ilimi ba ne," in ji Injiniya, yana kaɗa makullin mota. Ɗan mai sayar wa babanta katako ne, turarensa na riga shi shigowa, kuma kowa ya san ba don katako yake zarya ba. "Kwana uku hoto ya ƙi hawa. Ki jefar da wannan kwandon shara, a mayar da shafin hannun kamfaninmu, ki huta."

"Na ce maka na gaji?"

Babanta, Kafinta, ya ajiye zarto ya ce, "Sabbin gadaje shida na gama, ba wanda ya gani. Ki bar wanda ya sani ya yi."

Ni gwaggon Kafinta ce, kujerata na bakin ƙofa, daga nan nake ganin komai, abin da ban gani ba kuma in tambaya.

Matsalar ita ce, duk hoton da ya wuce mega biyu sai shafin ya tofar da shi, ga hotunan gadajen mega biyar-biyar. Auta ta buɗe fayil ɗin saiti, ta mayar da biyun goma, ta kashe ta kunna har sau bakwai. Kamar ta yi magana da bango.

Sai ga murya daga sama. "Wane fayil kika gyara?"

Duk muka ɗaga kai. Ashe yaron da kamfanin waya ya turo ya canza wayar intanet yana kan tsani tun ɗazu, dogo ne kamar ba zai ƙare ba, ƙusa a bakinsa.

"Malam, ja wayarka," in ji Injiniya.

Auta ta harare shi, shi mai tsanin, harara mai kyau. "Fayil nawa ne da za ka ce wanne?"

"Biyu ne, sunansu ɗaya. Ɗaya na lokacin da kike buga umarni da hannu, ɗaya kuma shi shafin ke karantawa. Ki tambayi injin da kansa wanne yake bi, zai faɗa miki inda yake."

Ya sauko. Na zata zai janye kujera ya zauna kamar yadda maza suke yi, sai ya tsaya nesa kaɗan yana goge hannu a wando. Auta ta buga, ta ƙura ido, ta cije leɓe. Ashe kwana uku tana zuba ruwa a tulun maƙwabta. Ta nemo fayil na gaskiyar a can cikin wata jaka ta kwamfutar, ta sa goma, ta sake tayar da sabar. Ta ɗora hoto. Ya ƙi.

Injiniya ya bushe da dariya. "To, malamin tsani, saura me?"

Dogon bai kula shi ba. A hankali ya ce, "Duba farkon layin."

"Ba komai sai waƙafi mai ruwa."

"Shi ne. Duk layin da aka sa wa wannan a gaba, inji yana ɗaukarsa hira ce kawai. Yana gani, amma ba ya aiki da shi."

Ta goge ɗan tabon nan, ta tayar da sabar, ta ɗora. Sai ga gado mai rumfa ya cika fuskar kwamfuta, har ana ganin jijiyar katako. Auta ta juyo za ta yi godiya, idonsu ya haɗu, godiyar ta maƙale. Ni na ga wannan da idona, kuma ko tabarau ban sa ba.

Daga ranar wayar intanet ɗin shagon ta kama ciwo. Yau ta zare, jibi ta zare. Wasu sun ce sandata ce take kama ta idan zan wuce. Allah ya sani, ni tsohuwa ce, ba na ganin ƙasa sosai. Duk zarewa dai sai an kira Dogo, har ya daina tambayar me ya faru.

Saƙonninsu kuwa na karanta da yawa, don Auta na barin waya a kan benci idan za ta yi fenti. Aji uku na yi a makaranta, karatuna da yatsa ne, harafi bayan harafi, amma ina isa.

"Shugaba, ya jikin sabarmu? Na wuce ta layinku na ga tagar ɗakin ajiya a buɗe, saura kaɗan in faɗo daga babur."

"Sabarmu? Yaushe ka sa hannun jari? Ka riƙa kallon hanya, Dogona, ba ni da wani."

"Na yi ta neman inda ake rage yawan tunaninki, na buɗe duk fayil ɗin da ke kaina ban samu ba."

"Ba za ka samu ba. Ni na ɓoye shi, kuma na canza kalmar sirri."

Wata biyar ana haka, Dogo ya turo kawunsa. Kafinta ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi da a'a. Da yamma ya ce wa 'yarsa, "Shekara ashirin da shida na yi ina raino, in ba mai kwana a kan tsani? Ga yaro mai ofis, ɗan aminina."

"Baba, mai ofis ɗin bai taɓa tambayata yadda na haɗa komai ba. Kullum sai dai in jefar."

"Aure ake magana ko kwamfuta?"

"Duk ɗaya ne a wurina."

Ranar Talata da hantsi, Auta ta tafi kai kujeru, Kafinta ya kira Dogo shago. Ya ce, "In kana ganin girmana, fito da wayarka ka rubuta mata ka haƙura. A gabana." Dogo ya fito da wayar. Yaro mai tarbiyya, ba zai yi musu da uba ba. Ya rubuta, ya miƙa, Kafinta ya karanta ya gyaɗa kai, aka tura.

Da Auta ta dawo, hannunta duk fenti, wayar ta yi ƙara, sai ta ce wa yayarta da ta leƙo shagon, "Yaya, karanta min." Yayar ta karanta da ƙarfi: na haƙura da ke, ki bi zaɓin Baba, kada ki sake nemana.

Auta ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta wanke hannu, ta kashe wayar, ta jefa ta a aljihun tebur, ta shige ɗakin ajiya ta ja ƙofa. Kwana uku ba ta kunna ba. Abinci sai an yi faɗa. Ta ce min, "Kaka, ashe tsayin banza ne. Magana ɗaya aka yi masa ya karye." Injiniya kuwa ya fara zuwa safe da yamma, har da kwalin alewa.

Ni abin ya tsaya min a rai. Ba don komai ba, ina son in ga saƙon da idona, don labarin da aka ji a bakin wani ba ya daɗin bayarwa. Na lallaɓa na ɗauko wayar, na kunna, na sa yatsa. Ga abin da na gani:

"; Na haƙura da ke. Ki bi zaɓin Baba. Kada ki sake nemana."

Masu ilimi da yawa ba sa karanta ƙananan abubuwa, tsallakewa suke yi. Ni kuwa malaminmu na aji uku da bulala ya koya mana kada mu bar ko ɗigo. Na tura ƙofar ɗakin ajiya na ce, "Ke, wannan ƙudan da ya sauka a gaban magana fa? Yayarki ba ta karanta shi ba."

Ta karɓa da kyar. Ta duba. Ta sake dubawa. Sai ta saki wata dariya haɗe da hawaye, ta rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara. "Hira ce, Kaka! Ya sa mata waƙafi mai ruwa! Ba a aiki da ita!"

Nan take ta rubuta masa: "Ɗan rainin hankali. Kwana uku ban ci abinci ba saboda kai. Ka zo shago yanzu, kuma ka shigo ta ƙofar gaba."

Amsa ta zo kafin ta ajiye: "Ni ma ban ci ba, Shugaba. Na zata kin gani kin yi fushi ne. Ga ni nan."

Ya tarar da Kafinta yana goge ƙafar tebur, Injiniya na zaune a kujerar da ba a gama ba. Dogo ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo in faɗi laifina. Na rubuta abin da ka ce, amma na sa alamar da za ta nuna mata ba da gaske nake ba. Na kasa yi maka musu, na kuma kasa yi mata ƙarya."

Kafinta ya miƙe, jijiyar wuyansa ta fito. "Wato ni ka mayar sakarai a cikin shagona?"

Auta ta shiga tsakani. "Baba, kai ka sa shi rubuta abin da ba ya nufi. Ni ba zan gudu ba, ba zan yi aure ba da albarkarka ba. Amma in ba shi ba, to ka sa a yi min kujera kusa da ta Kaka, a nan zan yi furfura. Ka san ni. Halinka na ɗauko."

Na ce, "A yi mata mai faɗi, ɗana, zaman na da tsawo."

"Gwaggo, don Allah!"

Nan Injiniya ya ga dama ta samu. Ya tashi yana gyara riga. "Baba, duk wannan akwatin ne ya ɗaure mata gindi take maka tsaurin ido. A gidana ba za a yi wannan shirmen ba. Bari ka gani." Kafin kowa ya motsa ya shige ɗakin ajiya ya fizge wayar wuta daga bango. Gurnanin fankar nan da muka shekara muna ji ya mutu. Shagon ya yi tsit.

Fuskar Auta ta yi kamar an mare ta.

Kafinta ya kalli 'yarsa, ya kalli wayar da ke lilo a hannun Injiniya. Mutum ne da ko almajirin aikinsa ya taɓa masa guduma sai an ji su. A hankali ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

"Baba, ai taimako..."

"Wata huɗu tana gina abin nan, ina kallo. Ni ubanta na yi faɗa a kansa, amma ban taɓa kai hannu ba. Mayar."

Injiniya ya mayar, hannunsa na kuskuren soket. Fanka ta ɗauka. Auta ta zauna ta buga, ta jira, shafin ya dawo, ta sauke ajiyar zuciya.

Sai Kafinta ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya dubi Dogo da ke durƙushe har yanzu. "Tashi. Miƙe sosai, ka daina ranƙwafawa." Ya taka kan benci ya ja tef daga kan yaron har ƙasa, ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta a jikin wani guntun katako, yana tsaki. "Ƙafa shida da inci huɗu. Duk gadajen da na yi ba wanda zai ɗauke ka, sai na yi sabo. Ka ce wa kawunka ya dawo ranar Asabar a sa rana. Kuma ka ji, duk takardar da za ka ƙara rubutawa a gabana sai Gwaggo ta bi ta da yatsa."

Auta ta faɗa ƙafafun babanta tana kuka, Dogo sai godiya yake. Na ɗaga hannu na ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu, ya kaɗe musu bakin mutane, ban da nawa. Kowa ya ce amin, har Kafinta, ko da yake ciki-ciki ya faɗa.

Mutum ɗaya ne bai ce ba. Injiniya ya tattara makullinsa, ya kai ƙofa, ya dawo ya ɗauki kwalin alewarsa, sannan ya fita ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da garin katako ya zubo mana daga rufi.