Tauraron da Vitu Ya Sayar

Ranar da Vitumbiko Msiska ya fara ganin Tawonga, garin katako ne ya rufe mata gashi, ga fensir maƙale a kunne, tana auna murfin akwatin zuma a shagon mahaifinta da ke bayan kasuwar Rumphi. Sai da ya yi gaisuwa sau biyu kafin ta ɗago.

"Baba ya fita neman katako. Akwati nawa kake so?"

"Ba saye na zo ba. Sunansa na zo ɗauka."

"Suna kuma? Naka bai ishe ka ba?"

Ya yi dariya, ya miƙa mata wayarsa. Shekara uku ke nan da gama karatunsa, aiki ya ƙi samuwa, shi ne ya buɗe shafi a intanet don masu kiwon zuma kaɗai. Mai ƙera akwati, mai ɗinka rigar kariya, mai sayen kakin zuma, mai koyar da sababbin shiga, kowa da sunansa da garinsa da lambar wayarsa.

Tawonga ta goge hannu a zane ta karɓa. Tana jan shafin da yatsa tana taɓe baki.

"Wannan ya rasu tun bara. Wannan sukari yake zubawa a zumarsa. Wannan kuwa kawuna ne, amma ko kyauta ya ba ka akwati kar ka karɓa."

Vitu ya tsaya yana kallonta. Shi dai ya san bai fita daga shagon nan yadda ya shiga ba.

Ita ta kawo shawarar tauraro. Ta ce suna kawai ba ya ciyar da kowa, mutane so suke su san wanda za su yarda da shi. Don haka duk wanda suka je suka ga aikinsa da idonsu, sai su sa masa ƙaramin tauraro a gefen sunansa. Suka riƙa hawa babur zuwa Bolero da Hewe da ƙauyukan gindin dutse, ita tana ƙwanƙwasa katako tana sauraron ƙararsa, shi yana ɗaukar hoto.

Shiga shafin kyauta ne. Mai son a sa hoton kayansa yakan biya wani abu duk wata, daga baya masu sayen zuma na Lilongwe suka fara kawo talla. Tauraro ne kaɗai ba na sayarwa ba. Cikin shekara guda, daga Karonga har Mzimba, in mai kiwo zai sayi kaya sai ka ji ya ce, "Bari in duba ko yana da tauraro."

Soyayyar ma ba su san ranar da ta fara ba. Wata safiya dai ya tura mata saƙo:

"Sarauniya, na duba ko'ina a ƙasar nan, mutum ɗaya ce ta cancanci taurari biyu. Sai dai ina tsoron sa lambarta, kar wani ya riga ni."

Ta amsa masa:

"Mai gona a waya, ka rage zaƙin baki, ƙudan zuma za su bi ka. Mama ta ce ka zo cin tuwo ranar Lahadi bayan coci."

Mahaifiyarta, NyaMhango, ta so shi tun zuwan farko. Ita ke ƙara masa kifi a kwano tana cewa ramarsa ta yi yawa. Amma mahaifinta, tsoho Gondwe, bai ko ɗago daga tuwonsa ba.

"Yaro, ina gonarka?"

"Baba, aikina a waya yake."

"To in wayar ta faɗa ruwa, 'yata ta ci me? Ni abin da hannu ke taɓawa na sani. In da gaske kake, danginka su zo da shanu shida. Ba biyar ba."

"Haba, baban Tawonga," in ji NyaMhango, "kai da kaji nawa ka zo gidanmu?"

"Zamani ya canza," ya ce, ya wanke hannu ya tashi.

Kowa ya san dalilin taurin. Akwai Kanyenda, mai babban shagon kayan zuma a Mzuzu, mai farar mota, wanda ya riga ya aiko kawunsa neman auren Tawonga sau biyu. Tawonga ta ƙi shi, ta kuma ƙi ba shi tauraro, don da suka je shagonsa ta ƙwanƙwasa akwatunan ta ce ɗanyen katako ne aka shafa wa fenti.

Bayan wata biyu Kanyenda ya kira Vitu cin abinci a Mzuzu. Ya sa aka kawo gasasshiyar kaza, ya riƙa kiransa ƙanena.

"Na haƙura da yarinyar, wallahi, ta fi dacewa da kai. Amma shanu shida a shafin nan? Sai ka yi furfura. Ka ɗora sunana a sama, ka sa mini ɗan tauraron nan, ni kuma in ba ka abin da zai kawo shanun kafin damina. Katakon ma ai na canza."

Vitu bai je ya duba ba. Ya san abin da ya sa bai je ba, tsoro yake kar ya ga gaskiya. A motar komawa gida ya yi ta gaya wa kansa cewa don Tawonga yake yi. Kafin su kai garin Ekwendeni ya riga ya danna wa Kanyenda tauraron.

Tawonga ba ta lura da wuri ba, don lokacin NyaMhango ta fara ciwon ƙafa, ita ke jinya da girki. Da ya gaya mata shanu huɗu sun samu, ta yi tsalle ta riƙe masa hannu.

"Vitu, daga ina?"

"Talla ce ta yi albarka," ya ce. Wannan ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi mata, kuma har yau in ya tuna yadda ta yarda nan take, sai abinci ya fita ransa.

Damina ta sauka. Katakon Kanyenda ya sha ruwa ya kumbura, rana ta fito ya tsage. Tururuwa ta shiga, ƙudan zuma suka watse. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƙungiyar matan Bolero, su talatin, da suka haɗa kuɗin gyaɗarsu na shekara suka sayi akwatunan.

Shugabarsu, wata tsohuwa NyaLuhanga, ta ɗauko murfi ɗaya a ka har shagon Gondwe. Vitu na nan a ranar. Ta dire shi a gaban Tawonga, ba ta ɗaga murya ba.

"'Yata, ni ban iya karatu ba. Jikata ce ta ce mai tauraro ne, ta ce ke kika duba. Shi ya sa muka saya."

Tawonga ta ciro wayarta ta duba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Ka ce mini kuskure ne, Vitu."

Ya kasa faɗin haka.

"Don ke na yi, Tawo. Don shanun..."

"Kar ka sa ni ciki!" ta ce. "Da sunana ka sayar da matan nan, kuma kana so in shiga gidanka a kan shanun da gyaɗarsu ta saya? Da ka ce in jira shekara biyar, da na jira. Ko tambayata ba ka yi ba."

Gondwe na can gefe. Ya ci gaba da goge katakonsa.

A satin ta tafi Karonga wurin gwaggonta, ta kama aiki a wani shagon ɗinki. Saƙonninsa suka riƙa tafiya ba amsa. Kanyenda kuwa, wanda ya ce ya haƙura, motarsa ta fara bin hanyar Karonga. Sai a lokacin Vitu ya gane ba tauraro kaɗai mutumin ya saya ba.

Ya cire sunan Kanyenda. A saman shafin, inda kowa zai fara gani, ya rubuta:

"Ni Vitumbiko Msiska na karɓi kuɗi na sa tauraro a inda bai kamata ba. Tawonga Gondwe ba ta sani ba. Duk wanda ya yi asara ta dalilina, ga lambata."

Masu talla suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya sayar da shanun, ya sayi busasshen katako, ya kai ƙofar shagon Gondwe a kura.

"Baba, akwati talatin nake so in mayar wa matan Bolero. Ba ni da kuɗin aiki. Ka koya mini in yi da hannuna."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya tura masa zarto da ƙafa.

Wata bakwai ya yi a shagon. Hannunsa ya yi kanta, ya yanke a yatsa sau ba adadi. Aka kai akwatunan Bolero, amma shekarar da ta wuce ta wuce. Biyu daga cikin matan sun riga sun cire 'ya'yansu daga makaranta, ɗaya kuma ta bar kiwon har abada.

NyaMhango takan fito da sanda ta zauna a inuwa tana kallonsa. Wata rana ta ce, "Ɗana, ku yi sauri mana. Na ɗinka zanen bikin tun bara, ina so in sa shi."

"Mama, ba ta amsa mini."

"Za ta amsa. Taurin kan ubanta ta ɗauko."

Ba ta sa zanen ba. Ciwon ya hau ƙirji, ta rasu cikin watan Yuni. Vitu na cikin masu haƙa kabari. Ya hango Tawonga cikin mata, ta rame, ba su yi magana ba.

Kwana goma bayan haka saƙon Tawonga ya shigo:

"Na karanta abin da ka rubuta tun ranar da ka sa shi. Na kori Kanyenda tun zuwansa na farko. Fushi ne ya hana ni dawowa, ina cewa gobe, gobe. Yanzu ga shi Mama ta tafi. Ka zo, na gaji da fushi."

Ya same ta a bayan gida tana sussukar masara. Ya durƙusa ya ɗauki guda yana taya ta.

"Ki yafe mini, Sarauniya."

"Na yafe. Amma ba za ka sake taɓa tauraro ba sai ina wurin."

"Har abada."

"Mu ga hannun." Ta juya tafinsa, ta ga kanta da tabo, hawaye suka zubo mata tana murmushi. "Mai gona a waya ya zama kafinta."

Shafin ya farfaɗo a hankali. Bai koma yadda yake a da ba, amma yana ciyar da su. Da dangin Vitu suka zo neman aure, saniya ɗaya suka kawo, suna ta ba da haƙuri. Gondwe ya ce ta isa.

An ɗaura auren a cocin Rumphi bayan girbi. Matan Bolero suka zo da guɗa, NyaLuhanga a gaba. Aka ci, aka yi rawa, ana ta liƙa wa amarya kuɗin kwaca.

Da yamma ta yi, kafin a kai amarya, Gondwe ya kira su biyu ya ce su biyo shi. Ya kai su maƙabartar dangi da ke bayan gonar rogo, ya cire hularsa a gaban kabarin matarsa.

"NyaMhango," ya ce, "ga yaran naki, an ɗaura. Yaron ya yi laifi, ya biya. Ni da na ce shida ba biyar ba, ban san wa zan biya ba."

Tawonga ta fashe da kuka. Vitu ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya kamo hannayensu ya haɗa cikin nasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da mu duka. In kun yi faɗa, ku shirya a ranar. Ku tafi, mutane na jira. Ni zan ɗan zauna da ita."