Reshen Lirang a Bakin Kurmi

An ɗaura auren Lirang da Tawan shekaranjiya da hantsi a bakin kurmin Aru, taku arba'in daga inda masu yankan katako suka ajiye injinansu. Mahaifin amarya ya halarta, amma bai taɓa abincin biki ba.

Dukansu 'yan Selun ne, mu masu dogon kunne da ke zaune a saman itatuwa. Ranar da aka haifi ɗan Selun ake dasa masa bishiya, ranar da ta faɗi kuma yake mutuwa. In za a yi aure, amarya ke yanko reshen bishiyarta a haɗa shi a jikin ta ango. Daga ranar ranta ya koma can.

Bishiyar Lirang tana tsakiyar kurmi. Ta Tawan tana baki. Lokacin da aka dasa ta, shekara ɗari da tamanin da suka wuce, tafiyar kwana uku ce tsakaninta da fili.

Sun haɗu ne wajen ɗiban zuma. Igiyarsa ta harɗe, yana reto kai a ƙasa, ita kuma ta zo wucewa ta gadar gora.

"Sannu da hutawa, Jemage," in ji ta.

"Kwance ni tukuna, kya yi tsiyar daga baya."

Ta kwance shi. Sunan ya bi shi, shi kuma ya sa mata Zumata.

Mahaifinta Jelu, ɗaya daga dattawan majalisa, ya ƙi maganar tun ranar farko.

"Ba yaron na ƙi ba, mazaunin bishiyarsa na ƙi. Ga Bunsu, tasa tana bayan tawa, ko ƙarar inji ba ya ji."

"Baba, ai ko ni ba ya ji. Shekara shida yana ba ni labarin kakansa."

Tawan ya kai ƙarar masu katako majalisa. A al'ada ba a yanke hukunci sai kowane dattijo ya yi magana, kuma kowanne damina guda ake ba shi. Su goma sha huɗu ne. Tara sun yi tasu. A tsakanin nan an binne mutum goma sha bakwai da aka sare bishiyoyinsu.

Bara masu katako suka shafa wa bishiyar Tawan jan fenti, alamar tana cikin waɗanda za a sare. Bai gaya wa kowa ba. Ya rubuta a ganye ya aika mata: "Lirang, ki auri Bunsu. Na daina sonki. Kada ki zo."

Ta yarda. Rani guda ba ta ambaci sunansa ba, har ta karɓi awarwaron Bunsu. Bunsun ne ya yi suɓutar baki wata rana suna cin abinci.

"Ai yaron ya yi hankali da ya janye, tunda an shafa wa tasa ja."

Lirang ta ajiye akushi ta fita. Bayan kwana biyu ganyenta ya isa ga Tawan: "Jemage, ba ka iya ƙarya ba. Na ga fentin. Na riga na yanke reshen."

Reshen da aka yanke ba ya komawa jikin uwarsa. In ya kwana bakwai ba a haɗa shi ba zai bushe, mai shi ta bi shi. Jelu ya amince a kwana na shida.

Tsohuwa Sura, mai ɗaura auren Selun, ta tsaga ɓawon bishiyar Tawan ɗan sama da fentin, ta sa reshen, ta liƙe da kakin zuma.

"Kin kashe kanki, Zumata," Tawan ya ce a hankali.

"Yi shiru, ana kallonmu. Riƙe da kyau."

"Saiwa ɗaya, inuwa ɗaya," in ji Sura. "Ku daɗe a tsaye."

Jama'a suka amsa ƙasa-ƙasa. Jelu ya dafa kan 'yarsa.

"Na dasa ki inda gatari ba ya zuwa," ya ce. "Ki daɗe, 'yata."

Ruwan sama ne ya tsayar da injinan, don hanya ta caɓe. Masu duba gajimare sun ce saura kwana ashirin da biyar damina ta ɗauke. Dattijo na goma da ke da magana a majalisa bana shi ne Jelu. Bayansa akwai sauran huɗu.