Shaidar Kawu Isa

— Hasiya! Waɗannan takardun da kika baza a kan tabarma, kasuwa za ki ci da su? Shinkafarki na kamawa!

Mahaifiyarta Inna Zuwera ce ta ƙwala kira daga madafa. Hasiya ta zabura ta sauke tukunya, amma hankalinta na kan dosiyen saurayinta Sumana, wato kundin takardun shaidar aikinsa. Wata biyu ke nan tana haɗa shi, hoto bayan hoto, takarda bayan takarda, har gidansu na Talladje kowa ya haddace abin da ke ciki ban da maigidan.

Sumana mai lambu ne a Gudel, bakin kogi. Maraya ne, kawunsa Isa ya riƙe shi, ya bar lakwal, wato makarantar boko, yana ɗan shekara goma sha biyar ya kama hauya. Sun haɗu ne ranar da Hasiya ta je sayen salati, ta taya, ya ƙi sallamawa, ta tafi da fushi. Ba ta yi nisa ba ya biyo ta da ƙullin na'ana'a kyauta. Daga nan fa abin ya kama su, kamun da ba ya sakewa.

Sai dai mahaifinta, Mushe Zakari, kamar yadda ake kiran malaman boko, tsohon malamin lakwal ne, kuma a wajensa wanda ba shi da difilom, takardar shaidar gama karatu, bai gama zama mutum ba.

— Ba ƙinsa nake ba, ƴata. Na ga ambaliya ta share lambuna a wuni ɗaya. Ya kawo mini takarda in ba shi ke. In babu, ya daina taka mini ƙofa!

Ana cikin haka Hasiya ta ji labarin wata makarantar noma da ke auna aikin da mutum ya daɗe yana yi da hannunsa, ta lissafa masa shi a matsayin darussa. In zuri, wato malaman da ke tantancewa, suka gamsu, sai a ɗauke masa shekara biyu cikin uku. Sharaɗin shi ne dosiye, da kuma shaidar wanda ya yi aikin a ƙarƙashinsa, baki da baki.

Ranar da zurin suka je Gudel, Hasiya ta kasa cin abinci. Da la'asar Sumana ya zo ya tsaya nesa da ƙofa, idanunsa jawur.

— Me ya faru? Ka yi magana mana!

— Kawu ne. Madam Dabora, shugabarsu, ta tambaye shi ko na ƙware. Ya dubi ƙasa ya ce, "Wannan? Yaro ne, bai iya komai ba. Muna dai lallaɓawa."

— Innalillahi! Kai da ka riƙe lambun shekara goma sha biyu?

— Madam ta ce ta gane, ita ma ƴar gida ce, daga Dogonduci, ta san halin manya. Amma abin da shaida ya faɗa shi take rubutawa. Ta ba mu wata uku, za su dawo sau ɗaya. In ya maimaita, shi ke nan.

Hasiya ta fashe da kuka. Haushi ya rufe mata ido, ta faɗi abin da bai kamata ba.

— Baƙin ciki yake maka! Tsoro yake ka samu difilom ka bar masa lambu! Ka je ka gaya masa gaskiya, ko ka nemo wani ya tsaya a madadinsa!

— Hasiya, mutumin da ya goya ni a kafaɗa zan ɗaga wa murya? Ko in kawo shaidar zur? Wallahi ina son ki fiye da yadda bakina zai iya faɗa, amma ba zan shigo gidanku ta wannan hanya ba. Ki yi haƙuri.

Ya juya ya tafi, ita kuma ta shige ɗaki. Kwana huɗu tana kuka tana jin kunyar kanta, don ta san ta zagi dattijon da bai taɓa ganin fuskarta ba. A na biyar mahaifinta ya gaji da ganin kumburarrun idanu ya tsare ta. Ta zayyana masa komai, har maganar shaidar zur ɗin ba ta ɓoye ba.

Mushe Zakari ya cire tabarau. Sai ya kama dariya, har Inna ta leƙo.

— Tsohon ya ce bai iya komai ba? A gaban baƙi? Ashe yaron gwani ne! Ke ƴar zamani, wane dattijo ne zai yabi ɗansa a bainar jama'a, ya jawo masa baki? Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba. Kawo mini dosiyen nan.

Ya karance shi tas, da jan biro a hannu kamar yadda ya saba. Bai ce ya amince ba, bai ce ya ƙi ba.

Ranar dawowar zurin ya sa babbar riga ya ce Hasiya ta raka shi, wai gwiwarsa na ciwo. A Gudel suka tarar da kowa a gindin mangwaro. Kawu Isa na zaune a kan turmi, ɗan siriri, ya haɗe rai. Hasiya ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma gefe. Mushe Zakari ya nemi izinin Madam Dabora ya yi wa shaida tambaya biyu-uku, ta ce bisimilla.

— Malam Isa, ba yabo na zo nema ba. Waɗannan mangwarorin, wa ya yi musu aure, ya haɗa reshe da reshe?

Kawu ya nuna Sumana da haɓa.

— Shi.

— Wa ke zaɓen iri in sanyi ya kama?

— Shi.

— Shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin maƙwabta naku ya tsira, wa ya haɗa maganin ganyen dogonyaro?

— Shi ne.

— Bayan ambaliya, wa ya tada lambun?

Nan muryar tsoho ta karye. Ya kai gefen rawani ga idonsa.

— Ina kwance ba lafiya. Shi kaɗai ya kwashe laka da hannunsa, wata biyu. Shekara bakwai rabona da hauya, Mushe. Da guminsa nake ci. Allah Ya tsare mini shi daga bakin mutane!

Biron Madam Dabora na ta gudu a kan takarda. Sumana ya juya baya yana kallon kogi, kafaɗunsa na rawa, don tun da aka haife shi bai taɓa jin haka daga bakin kawunsa ba. Hasiya ta rarrafa gaban tsohon tana hawaye.

— Kawu, ka yafe mini. Na yi maka mummunan zato.

— Tashi, ƴata. Ni ma na kusa yi masa ɓarna ina ganin kariya nake masa.

An ɗauke wa Sumana shekara biyu. Ta ukun ya yi ta da wahala, safiya a lambu, yamma a aji tare da sa'o'in ƙannensa, Hasiya kuma ta jira ba ƙorafi. Mushe Zakari bai ma bari sakamako ya fito ba ya karɓi goro. Da Inna ta tsokane shi ina takardar da ya ce, sai ya ce yaron da ya gwammace ya rasa mace da ya ci mutuncin wanda ya rene shi, irinsa ake ba wa ƴa.

Ku ƴan mata da samari, kada gaggawar so ta sa ku yanke wa manya hukunci. Wani dattijon bakinsa ya fi dutse nauyi, amma ƙaunarku ce ta cika masa ciki. Da Sumana ya bi zafin zuciya ya ɗaga wa kawunsa murya, da ya rasa shaida ya rasa uba. Ya yi haƙuri, sai Allah Ya haɗa masa takarda da mata da albarkar iyaye.