Murfin da Ke Ƙarƙashin Siminti

Ku matso, ku duka huɗun. Babba, kife wayar nan. Zan ba ku shi kamar labarin wata ne, don kada muryata ta yi rawa.

Wata tsohuwa ce a gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda take ajiye akwatunan marigayi mijinta. 'Ya'ya sun watse, saura ita da Auta. Ran nan da magariba tana wanke kofi biyu, sai makwarara ta yi wani gunji, kamar mutum na kurkure baki a cikin rijiya. Ta kashe famfo. Gunjin bai tsaya ba. Can sai tsakuwa ta fara faɗowa a kan matakalar ɗakin ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, baƙa, jiƙe, tana wari.

Tsohuwar ba ta yi boko ba, amma kanta na ja. Ta sa Auta ta juye bokiti a banɗakin sama, ita ta sauka da fitila. Ruwan ya ɓullo ta ramin da ke daɓen, ya lashi gindin akwatunan. Nan ta gane ba ƙaramin bututu ne ya toshe ba, babban ne mai fita waje. Ta kira mai gyaran famfo, ya zura waya cikin bututun, a tsawon gaba bakwai ta cije. Ya bi sawunta har tsakar gida, ya tsaya a kan dandamalin simintin da babban ɗanta ya zuba don ajiye mota.

"Mama, ina murfin ramin da ake dubawa?"

"Kana tsaye a kansa."

Ya ce sai an fasa. Babban ɗa kuwa ta waya ya ce a bar masa siminti, a zuba tafasasshen ruwa kawai. Auta ta zuba. Ba ta kai ga ajiye tukunya ba ta yanke jiki ta faɗi, ido a kafe, haƙora a datse.

Malam ya zo, ya yi ta karatu tun la'asar har inuwa ta cinye ɗakin. Sannan bakin Auta ya buɗe, da wata murya mai laima wadda ba tata ba.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Wace ce dai. Shekara uku da kuka rufe min ƙofa. Na yi gunji, na yi jifa, ba a kula ba. Yanzu kuma har da ƙuna."

"Fita daga jikin baiwar Allah."

"Zan fita. Amma a buɗe murfin kafin ruwan farko. In ba haka ba zan hauro, ni da duk abin da gidan nan ya taɓa zubarwa." Ta juya wuya wajen tsohuwar. "Da, bokiti bakwai nake ƙirgawa kowace safiya. Yanzu biyu. Ni kaɗai ke jin tarinki ta bututu."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwan sha.

Tun ranar bututun ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, shirun ya fi min gunjin nauyi.

To, kun ga sama, hadari ya fara haɗuwa, kayan ubanku kuma suna ƙasa. Babba, rabon motarka da dandamalin nan shekara biyu. Guduma tana bayan ƙofa. Kada wanda ya ce zai turo min ma'aikata ya kama hanya. Ku yanke maganar nan kafin kowa ya tashi: wa zai fasa, wa zai zauna da ni har ruwan farko ya wuce. Ina jin ku.